Jan fasfon Japan: abin da "shiga ba biza" ke nufi idan aka isa bakin iyaka

A cikin bangon fasfon ƙasar Japan akwai wani gajeren rubutu da Japananci da Turanci, inda Ministan Harkokin Wajen ƙasar yake roƙon duk wanda abin ya shafa da ya bar mai riƙe da wannan ɗan littafi ya wuce ba tare da tsangwama ba, ya kuma agaza masa idan ya shiga halin neman taimako. Kusan kowane fasfo a duniya yana ɗauke da irin wannan rubutu, har da koren fasfon Najeriya, kuma a ko'ina a aikace roƙo ne, domin babu gwamnatin da ke da ikon umartar wata ta buɗe ƙofarta. Abin da ya bambanta na Japan shi ne yawan ƙasashen da suka yarda, tun kafin matafiyin ya baro gida, cewa za su saurari roƙon ba tare da sun sa shi ya je ofishin jakadancinsu ya bi layi, ya kai takardun banki, ya amsa tambayoyi ta bayan gilashi ba. Duk wanda ya taɓa kwana da zullumin ganawar neman biza a Abuja ko Legas ko Yamai ya san girman wannan sauƙi. Sai dai yadda ake ba da labarin, wato wai Bajapane yana iya saɓa jakarsa ya faɗa ƙasashe 190 yadda ya ga dama, ya yi nisa da abin da ke faruwa a teburin kamfanin jirgi da kuma gaban jami'in shige da fice.

Adadin da ake yawan ambatawa yana fitowa ne daga jadawalin kamfanin Henley & Partners da ke Landan, wanda ke amfani da bayanan ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, yana gwada fasfo 199 a kan wurare 227. Japan ta riƙe matsayi na ɗaya tun daga 2018 har zuwa tsakiyar 2023, lokacin da Singafo ta wuce gabanta. A watan Janairun 2024 ƙasashe shida suka yi kunnen doki a sama da wurare 194, wato Japan da Singafo da Faransa da Jamus da Italiya da Sifen, sannan a watan Yulin 2025 Japan da Koriya ta Kudu suka zo na biyu da wurare 190. Fasfon Najeriya a wannan jadawali bai kai wurare 50 ba. Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe game da lissafin. Na farko, wuraren ba duka ƙasashe ne masu cin gashin kansu ba, domin mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya 193 ne kawai, sauran tsibirai ne da yankunan da ke ƙarƙashin wasu ƙasashe. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, jadawalin yana zuba abubuwa uku a kwando ɗaya: inda ake shiga da fasfo kaɗai, da inda ake sayen biza bayan an sauka a filin jirgi, da inda sai an nemi izini ta intanet kafin a tashi. Ga mai lissafi duk maki ɗaya ne, amma ga matafiyin da aka hana hawa jirgi saboda bai cike wani fom ba, tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Ba a haifi Japan da wannan gata ba. A 1635 gwamnatin gidan Tokugawa ta haramta wa 'yan ƙasar fita waje, ta kuma yanke hukuncin kisa ga wanda ya fita ya dawo, kuma wannan doka ta shafe fiye da shekaru 200 kafin a sassauta ta a 1866, aka fara ba da takardun izinin tafiya. Ko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, talakan Japan bai samu damar fita yawon buɗe ido ba sai ranar 1 ga Afrilun 1964, shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Tokyo, kuma a lokacin sau ɗaya aka yarda mutum ya fita a shekara, da guzurin da bai wuce dala 500 ba, domin ƙasar na tattalin kuɗin waje. Mutane kimanin 128,000 ne suka fita a wannan shekara. Bayan yarjejeniyar kuɗi ta Plaza a 1985 darajar yen, kuɗin Japan, ta yi tsalle, kuma a 1987 gwamnati da kanta ta fito da shirin kwaɗaita wa jama'a fita waje su kashe kuɗi, a wani ɓangare domin rage ƙorafin da Amurka da Turai ke yi cewa Japan na sayar musu da kaya fiye da yadda take saye. A 1990 masu fita suka haura miliyan 10. A daidai wannan zamani ne ƙofofi suka riƙa buɗewa, domin kowace ƙasa na son baƙon da zai zo da kuɗi, ya kwana a otal, ya yi sayayya, ya koma gida a ranar da tikitinsa ya nuna.

Wannan komawa gida ita ce ginshiƙin lamarin gaba ɗaya, kuma tsarin Amurka ya fi kowanne bayyana hakan a fili. Dokar 1986 ce ta kafa shirin yafe biza, Birtaniya ta fara shiga a watan Yulin 1988, Japan ta biyo baya a watan Disambar shekarar. Daga cikin sharuɗɗan shiga akwai cewa masu neman bizar ziyara daga ƙasar da ake ƙi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, da cewa ita ma ƙasar ta yafe wa Amurkawa biza, da musayar bayanai kan fasfon da aka sace ko ya ɓata. Ƙasashe 40 da 'yan kai ne ke ciki a yau, kuma babu ta Afirka ko ɗaya. Ajantina ta taɓa shiga, amma da tattalin arzikinta ya durƙushe aka cire ta a 2002, saboda fargabar cewa mutanenta za su shiga su ƙi fita, kuma Yurugwai ta bi sahunta a 2003. Japan ma haka take auna wasu. Ta taɓa yafe wa 'yan Pakistan da Bangaladash da Iran biza, amma da ma'aikata daga waɗannan ƙasashe suka riƙa shiga suna wuce wa'adi a lokacin bunƙasar masana'antunta, sai ta dakatar da yarjejeniyar Pakistan da Bangaladash a 1989, ta Iran kuma a 1992. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfin fasfo yana bin ra'ayin da duniya ke da shi kan ko mai riƙe da shi yana da aiki da albashi da asibiti da zaman lafiyar da za su ja shi ya koma, kuma a ganina duk wani yunƙurin diflomasiyya da bai taɓa wannan tushe ba, ɗan abin da zai samo ba zai daɗe ba.

To amma ko wanda aka amince da shi, an daina barinsa ya iso ba sanarwa. Ostireliya ce ta fara tsarin izinin tafiya ta na'ura a 1996. Amurka ta wajabta nata, mai suna ESTA, daga 12 ga Janairun 2009. Da farko kyauta ne, aka sa masa dala 14 a 2010, ya koma dala 21 a 2022, ya kai dala 40 daga ƙarshen Satumbar 2025, kuma yana aiki na shekara biyu ko zuwa ranar da fasfon zai ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Kanada ta kawo nata a 2016 a kan dalar Kanada 7. Niyu Zilan ta bi a watan Oktobar 2019, ta haɗa da harajin baƙi wanda ya kai dalarta 100 a 2024. Birtaniya, wadda Bajapane ke iya zama a cikinta har wata shida a matsayin baƙo, ta fara neman irin wannan izini daga gare shi ranar 8 ga Janairun 2025, a kan fam 10 da aka mayar fam 16 bayan wata uku. Tarayyar Turai ta tsara fara nata, ETIAS, a ƙarshen 2026 a kan yuro 20. Hukumomin da suka kafa waɗannan tsare-tsare suna nanata cewa ba biza ba ne, kuma ta fuskar wahala suna da gaskiya, tunda mintuna kaɗan ake cikewa a waya kuma amsa kan zo da wuri. Ta fuskar ma'ana kuwa, mutum ya nemi izini kafin ya tashi, ya biya kuɗi, ya bayyana tarihinsa, kuma ana iya ƙin sa. Aikin biza ke nan, sai dai an ɗauke shi daga hannun ma'aikacin ofishin jakadanci an miƙa wa kwamfuta. Har wanda zai sauya jirgi kawai bai tsira ba: Bajapanen da zai je Peru ko Barazil ta Los Angeles ko Dallas dole ne ya mallaki ESTA, domin a Amurka mai wucewa ma sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice.

Akwai wani sharaɗi na ESTA da ya shafi yankinmu kai tsaye. Dokar da majalisar Amurka ta yi a ƙarshen 2015 ta cire daga shirin duk wanda ya taka ƙasar Iran ko Iraƙi ko Siriya ko Sudan tun daga 1 ga Maris ɗin 2011, daga baya aka ƙara Libiya da Somaliya da Yaman da Koriya ta Arewa, sai kuma Kyuba ga wanda ya je daga 12 ga Janairun 2021. A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce daga Osaka ta yi wata uku tana aikin agaji a wani asibiti a Kassala ko Khartum a 2018. Shekaru bayan haka ta shirya kai mahaifiyarta hutu Hawaii, ta buɗe fom ɗin a wayarta, ta iso tambayar da ke cewa ko ta taɓa zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe. Idan ta amsa da gaskiya, mai yiwuwa ne ƙwarai a ƙi ba ta izinin, sai ta nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka, ta biya kuɗin biza, ta jira kamar kowane ɗan ƙasar da ba a yafe wa ba. Idan ta ɓoye aka gano, ta jawo wa kanta haramcin da ka iya bin ta har abada. Fasfonta bai canza launi ba, matsayinsa a jadawali ma bai motsa ba, amma tafiya ɗaya ta alheri ta fitar da ita daga sahun waɗanda ake yi wa sauƙi. Irin wannan doka tana da illar da ba a cika faɗa ba, domin tana sa likita ko ɗan kasuwa ko malamin jami'a ya yi tunani sau biyu kafin ya amsa gayyata zuwa ƙasar da ta fi kowa buƙatar zuwansa.

Samun izinin ma ba shi ne shiga ba. Hukuncin ƙarshe yana hannun jami'in da ke zaune a akwatin bincike, kuma wanda ya shiga Amurka ta hanyar yafe biza ya riga ya sa hannu cewa ya sarayar da haƙƙinsa na ƙalubalantar wannan hukunci, in ban da neman mafaka. Kwana 90 ake ba shi, ba a ƙara masa bisa al'ada, kuma bai da izinin yin aikin da za a biya shi. A 2023 da 2024 kafofin yaɗa labaran Japan sun yi ta ruwaito yadda ake tsare 'yan mata masu tafiya su kaɗai a filin jirgin Honolulu, a shigar da su ɗaki na biyu, a bincike wayoyinsu, a tambaye su wa ya biya kuɗin otal da kuma dalilin yawan kayan sawarsu, sannan a mayar da wasu a jirgi na gaba. Abin da ya jawo haka shi ne zargin cewa wasu dillalai na tura mata karuwanci ƙasashen waje saboda faɗuwar darajar yen, kuma 'yan sandan Tokyo sun kama wasu da ake tuhuma da wannan dillanci a 2024. Laifin wasu kaɗan ya shafi masu yawa da ba su ji ba ba su gani ba, abin da matafiyin Najeriya ya daɗe da saninsa a jikinsa.

A Turai kuma abin da ke kayar da mutane lissafin kwanaki ne. Yankin Shengen, mai ƙasashe 29 tun bayan shigar Romaniya da Bulgeriya, ana ɗaukarsa tamkar ƙasa ɗaya, kuma baƙon da aka yafe wa biza yana da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Mutane da yawa suna fahimtar wannan a matsayin wata uku a ciki, a fita, a dawo a sake sabon lissafi, alhali tun watan Oktobar 2013 ƙa'idar ita ce a kowace rana jami'i zai waiwaya baya kwana 180 ya ƙirga nawa mutum ya yi a ciki, har da ranar shiga da ranar fita. Misali, ɗalibar da ta sauka a Faris ranar 1 ga Janairun 2025 ta bar yankin ranar 1 ga Maris ta ci kwana 60. Idan ta dawo ta Roma ranar 1 ga Mayu, kwana 30 kawai suka rage mata, dole ta fita ranar 30 ga Mayu, kuma zuwa Landan ko Istambul na kwana biyu a tsakani ba ya goge komai, yana dai dakatar da ƙirgar ne na waɗannan kwanaki. A da hatimin da ake bugawa a fasfo ne shaida, kuma hatimi kan dushe ko jami'i ya manta bai buga ba. Daga 12 ga Oktobar 2025 aka fara sabon tsarin rajistar shiga da fita, wanda ke ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska ya ajiye a na'ura, don haka ko kwana ɗaya mutum ya ƙara zai fito a allon jami'in. Abin ya ƙara sarƙewa da tsofaffin yarjejeniyoyin da Japan ta ƙulla da wasu ƙasashen tun kafin a kafa Shengen. Ostiriya, alal misali, tana barin Bajapane ya zauna har wata shida, amma wannan alfarma a cikin iyakar Ostiriya take, kuma wanda ya dogara da ita ya biya ta wata ƙasar yankin a hanyarsa ta komawa gida yana iya samun kansa cikin tuhumar wuce wa'adi.

Mafi yawan waɗanda tafiyarsu ke lalacewa ba sa ma kaiwa ga jami'in wata ƙasa. A teburin kamfanin jirgi a Narita ko Haneda ko Kansai ake tsayar da su, domin doka a ƙasashe da yawa ta ɗora wa kamfanin da ya kawo fasinja marar cikakkun takardu tara da kuma nauyin mayar da shi. Ma'aikaciyar tebur tana duba wani rumbun bayanai na IATA mai suna Timatic, kuma abin da ya nuna mata shi take bi. Mutum ya zo da iyalinsa za su Bali ko Singafo, otal an biya, yara sun ɗauki hutu, fasfonsa kuma bai mutu ba, saura wata biyar. Sai ta gaya masa cikin ladabi cewa ƙasar da za shi tana buƙatar aƙalla wata shida, kuma babu wani roƙo da zai sauya wannan. Indunusiya da Singafo da Malesiya duk wata shida suke nema. Shengen na neman wata uku bayan ranar fita, da kuma fasfon da aka bayar cikin shekaru 10 da suka wuce. Amurka kuwa tana karɓar fasfon Japan muddin zai kai ranar komawa. Saboda wannan bambanci ne hukumomin Japan ke barin mutum ya sabunta fasfonsa da zarar abin da ya rage masa bai kai shekara ɗaya ba, kuma tun watan Maris na 2025, da aka koma buga shafin hoto a kan roba mai tauri a maɗaba'ar gwamnati ta ƙasa, karɓar sabo kan ɗauki kusan mako biyu, don haka gyaran gaggawa a daren tafiya ba ya yiwuwa. Ga kuma tikitin dawowa ko na wucewa gaba da ƙasashe da dama ke nema, ga katin isowa da ake cikewa ta intanet, wanda Singafo da Malesiya da Filifin suke buƙata, Tailan ma ta wajabta nata daga 1 ga Mayun 2025.

Sai siyasa, wadda ke iya rufe ƙofa cikin dare ɗaya. Sin ta yafe wa Japanawa bizar kwana 15 tun daga Satumbar 2003 ba tare da Japan ta rama mata ba, domin tana son masu zuba jari da 'yan kasuwarsu. Ta dakatar da wannan a watan Maris na 2020 saboda korona, kuma a watan Janairun 2023, da Japan ta tsaurara gwajin cutar ga masu zuwa daga Sin, sai Beijin ta daina ba Japanawa biza kwata-kwata na kusan mako uku. Bayan annoba ta lafa Sin ta mayar wa Singafo da Burunai alfarmar, ta kuma ba ƙasashen Turai da dama irinta, ta bar Japan tana jira har zuwa 30 ga Nuwambar 2024, sannan ta dawo da ita da kwana 30, amma a matsayin mataki mai wa'adi da ake sabuntawa. Tsakanin Japan da Koriya ta Kudu ma, ranar 9 ga Maris ɗin 2020 kowacce ta soke wa ɗayar yafe biza, kuma sai a kaka ta 2022 aka koma daidai. Labarin Barazil ya fi koyar da darasi a kan tsarin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. A can ne ake da mafi yawan zuriyar Japanawa a wajen Japan, kimanin mutum miliyan 2, tun daga jirgin ruwan Kasato Maru da ya sauke 'yan ci-rani 781 a tashar Santos a 1908, amma duk da wannan zumunci, ƙasashen biyu sun daɗe suna neman biza daga juna. Shugaba Bolsonaro ya yafe wa Japan da Amurka da Kanada da Ostireliya a 2019 ba tare da neman ramuwa ba. Da Shugaba Lula ya dawo mulki a 2023 ya ce sai an yi wa 'yan ƙasarsa yadda ake so a yi wa baƙi. Japan ta amince, aka fara yafe wa juna daga 30 ga Satumbar 2023, sauran ukun kuwa aka mayar musu da biza a watan Afrilun 2025. Namibiya ta bi irin wannan hanya daga 1 ga Afrilun 2025, ta ɗora biza a kan ƙasashe fiye da 30 da ba sa rama mata, kuma Japan na cikinsu.

Afirka ta Yamma da ta Tsakiya na daga cikin wuraren da jan fasfon bai da wani tasiri na musamman. Maroko da Tunisiya da Senegal da Afirka ta Kudu suna karɓar Bajapane ba biza, amma Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk sai ya nema. Injiniyan da kamfaninsa ya turo Kano ko Abuja sai ya samu takardar gayyata, ya nemi biza, ya kuma yi allurar rigakafin cutar shawara ya karɓi katin da matafiyanmu suka fi sani da yalo kad. A Japan ba kowane asibiti ke yin wannan allura ba, sai cibiyoyin da hukumar killace cututtuka ta ware, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, ko da yake tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai. Ta ɗaya ɓangaren, cikin ƙasashe da yankuna fiye da 70 da Japan ta yafe wa biza, uku ne kawai na Afirka, wato Tunisiya da Moriishas da Lesoto. Yadda batun ke da zafi a cikin gida ya fito fili a watan Agustan 2025, lokacin taron Japan da Afirka karo na 9 a Yokohama, inda hukumar tallafin raya ƙasashe ta Japan, JICA, ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu domin musayar al'adu, aka haɗa Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana. Wata sanarwa daga Abuja ta ce za a ƙirƙiro biza ta musamman ga 'yan Najeriya, Tokyo ta musanta, ofisoshin garuruwan suka cika da kiran waya na masu fushi, kuma kafin ƙarshen Satumba aka janye shirin baki ɗaya. Ƙasar da 'ya'yanta ke cikin waɗanda suka fi cin moriyar buɗaɗɗun ƙofofi tana matuƙar taka-tsantsan da tata ƙofar, kuma duk mai son fahimtar tsarin biza na duniya ya kamata ya dubi waɗannan fuskoki biyu tare.

Akwai kuma hannun gwamnatin Japan a kan 'yan ƙasarta. Sashe na 22 na tsarin mulkin ƙasar ya tabbatar da 'yancin fita waje, amma dokar fasfo ta ba Ministan Harkokin Waje ikon hanawa ko karɓewa. A watan Fabrairun 2015, jim kaɗan bayan ƙungiyar IS ta kashe Japanawa biyu, Kenji Goto da Haruna Yukawa, an karɓe fasfon wani mai ɗaukar hoto, Yuichi Sugimoto, domin hana shi zuwa Siriya, daga baya aka ba shi wani da aka rubuta cewa ba ya aiki a Siriya da Iraƙi. Ɗan jarida Jumpei Yasuda, wanda aka yi garkuwa da shi a Siriya daga 2015 zuwa 2018, ya nemi sabon fasfo a 2019 aka hana shi, bisa hujjar cewa Turkiyya ta haramta masa shiga. Ya kai ƙara, kuma a watan Janairun 2024 wata kotu a Tokyo ta yanke cewa hana shi fasfo gaba ɗaya saboda haramcin ƙasa ɗaya ya saɓa wa doka. Ina ganin kotun ta yi daidai, domin hana mutum duniya baki ɗaya saboda ƙofa ɗaya da aka rufe masa hukunci ne da ya fi laifin girma, musamman ga wanda sana'arsa ita ce zuwa inda wasu ke gudu ya kawo labari.

Duk da wannan gata, kimanin kashi 17 cikin 100 na Japanawa ne kawai ke riƙe da fasfo mai aiki a 2023 da 2024, wato mutum ɗaya cikin shida. A 2019 an yi tafiye-tafiye zuwa waje kimanin miliyan 20, a 2024 kuwa miliyan 13, domin a tsakiyar wannan shekara sai da dala ɗaya ta haura yen 160, kuma kuɗin otal da abinci a Honolulu ko Faris ya fi ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin albashi, ga ƙarancin dogon hutu a wuraren aiki, ga yawan tsofaffi. Faɗuwar yen ɗin da ta zaunar da 'yan gida ita ce ta jawo baƙi kusan miliyan 37 zuwa Japan a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Tun watan Nuwambar 2007 ƙasar ke ɗaukar zanen yatsu da hoton baƙi a bakin iyaka, kuma yanzu gwamnati ta sanar da cewa za ta kafa nata tsarin izinin tafiya ta intanet, mai suna JESTA, a shekarar kuɗi ta 2028. Daga lokacin, Ba'amurke da Bakoriye da Bature da yanzu suke sauka a Narita da fasfo kaɗai za su riƙa cike fom kafin su hau jirgi, su faɗi dalilin zuwansu da inda za su sauka, su jira amsa.